Tumakin Coci da Littafin Lissafi: Tarihin Majami'ar Ƙauyen Morebath

Duk wanda ya bi hanyoyin karkarar Ingila, abin da yakan fara hangowa kafin rufin gidajen kowane ƙauye shi ne hasumiyar coci. Cocin Ingila yana da irin waɗannan gine-gine wajen 16,000, kuma fiye da 12,000 daga cikinsu hukuma ta sa su cikin jerin gine-ginen tarihi waɗanda ba a taɓa su sai da izini. Mafi yawansu sun girme wa duk wani gida da ke kewaye da su da ɗaruruwan shekaru. Baƙo yakan ɗauka cewa sarakuna ne suka gina su, gwamnati kuma ke kula da su. Ba haka abin yake ba. Tun wajen ƙarni na 13 aka raba nauyin kowane cocin ƙauye gida biyu. Ɓangaren gabas inda bagadi yake, gyaransa yana wuyan wanda ke karɓar ushirar amfanin gona. Babban zauren da jama'a ke tsayawa kuwa, da hasumiya da ƙararrawa da kayan ibada, duk suna wuyan mutanen ƙauye. A wannan maƙala za mu ɗauki coci guda ɗaya mu bi shi, mu ga yadda talakawa suka ɗauki wannan kaya, da yadda yake neman ya fi ƙarfin jikokinsu a yau.

Cocin da na zaɓa shi ne na Waliyyi George da ke Morebath, wani ɗan ƙauye a lardin Devon, kudu maso yammacin Ingila, a gindin tuddan Exmoor, kamar mil biyu arewa da garin Bampton. Ginin ba wani abin kallo ba ne. Hasumiyarsa ta ƙarni na 13 ce, mai rufi kamar sirdi, sauran jikin ginin kuwa yawancinsa na ƙarni na 15 ne. Akwai coci-coci ɗari a Devon da suka fi shi kyau. Abin da ya fitar da shi daban mutum ɗaya ne da alƙalaminsa.

A shekarar 1520 aka kawo wa ƙauyen sabon limami mai suna Sir Christopher Trychay. Kada mai karatu ya ga Sir ya zaci wani basarake ne; a wancan zamani laƙabi ne na girmamawa da ake ba limamin da bai yi digirin jami'a ba. Trychay ɗan lardin ne, ya zo yana matashi, bai kuma bar Morebath ba sai da aka binne shi a can a 1574, wato shekara 54 ke nan yana kan aiki ɗaya a ƙauye mai gidaje 33 da mutane wajen 150. Dokar coci ta ce kowace shekara wakilan da jama'a suka zaɓa su riƙe dukiyar coci su kawo lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Da yake yawancin manoman ba su iya rubutu ba, sai limamin ya zama shi ne magatakardansu. Shi kuwa mutum ne mai yawan magana. Maimakon ya rubuta lambobi kawai, sai ya riƙa rubuta lissafin yadda zai karanta shi da bakinsa gaban jama'a ranar Lahadi, da yabon wanda ya yi kyauta, da gugar zana ga wanda ya ƙi biya, da bayanin dalilin kowace rigima. Saboda haka littafin da ya kamata ya zama busasshen kundin kuɗi sai ya zama muryar ƙauye guda na tsawon rabin ƙarni.

Abu na farko da ke ba mai karatun littafin mamaki shi ne tumaki. Cocin Morebath ba shi da gonaki masu yawa, dukiyarsa tumaki ce, kuma ba a garke ɗaya ake tara su ba. Rarraba su aka yi gida-gida, wannan manomi ya riƙe tunkiya ɗaya, wancan biyu, yana kiwonsu tare da nasa kyauta. Lokacin sausaya sai a kawo gashin a sayar, kuɗin ya shiga asusun coci. Kowace shekara limami zai miƙe ya karanta sunan kowane mai riƙo da halin da tunkiyarsa take ciki: ta wane ta haihu, ta wane ta ɓace, ta wane ta mutu an kawo fatarta. Mai karatu ya ƙaddara kunyar mutumin da aka ambaci sunansa gaban maƙwabta shekara biyu a jere cewa tunkiyar coci ta mutu a hannunsa.

Asusun ma ba ɗaya ba ne. Akwai na Maryamu, akwai na Waliyyi Anthony, akwai na samari, akwai na 'yan mata, da wasu ƙanana, kowanne da wakilansa da aikinsa. Yawancin aikin shi ne sayen kakin zuma don kyandir ɗin da ake kunnawa gaban mutum-mutumin wani waliyyi. Samari sukan dafa giya su shirya biki a gidan taro na coci, ribar ta shiga asusunsu. 'Yan mata sukan bi gida-gida suna tara gudummawa. Bisa dukkansu akwai manyan wakilai biyu, kuma wannan muƙami zagayawa yake yi daga gona zuwa gona, mai kuɗi da matalauci, in ya faɗo kan gidan da maigida ya rasu, matarsa ce za ta riƙe. A ƙauye mai gidaje 33, kusan mutum goma sha biyu ne ke riƙe da wani muƙamin coci a kowace shekara. Ke nan da wuya a sami gidan da bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya ba da lissafi ba. A ganina nan ne asalin ƙarfin cocin ƙauye yake, fiye da wa'azin da ake yi a cikinsa: shi ne wurin da manomi ya koyi riƙon amanar jama'a.

Trychay yana da wata waliyyiya da yake ƙauna, Sidwell, wadda mutanen Exeter ke cewa budurwa ce da aka sare wa kai da lauje a wajen garinsu. Da kuɗin aljihunsa ya sayo mutum-mutuminta ya kafa a cocin, sannu a hankali ya jawo hankalin jama'a gare ta. Mata suka riƙa bar mata wasiyyar zobba da carbi, aka narka wasu azurfa aka yi mata takalmi, har iyaye suka fara raɗa wa 'ya'yansu mata sunanta. A 1534 ɓarawo ya sa tsani ya shiga ta tagar hasumiya da dare, ya kwashe kofin azurfa na ibada da wannan takalmi. Samari da 'yan matan ƙauyen suka haɗa kuɗi a tsakaninsu suka sayo wani kofin ba tare da an ɗora wa iyayensu haraji ba, limamin kuma ya rubuta sunan kowannensu da abin da ya bayar, har wanda ya ba da kwabo.

Kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla. Rigimar da ta fi cin takarda a littafin ita ce ta albashin ma'aikacin coci, wato mutumin da ke riƙe mabuɗi, ya buga ƙararrawa, ya kuma amsa wa limami lokacin ibada. Da hatsi ake biyansa, kowane gida da kasonsa, wasu gidaje kuma suka ƙi. Shekaru aka yi ana ja-in-ja a cikin shekarun 1530, har ta kai ma'aikacin ya ajiye aiki. Trychay ya rubuta yadda wani matalauci da jariransa suka mutu ya zo a yi musu addu'a aka rasa mai taimaka wa limami. Sai da manyan mutane daga waje suka shiga tsakani kafin aka daidaita. Wanda ya san yadda ƙaramar magana kan mudun hatsi ke raba unguwa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wani abin da ya daɗe a zuciyar limamin shi ne baƙaƙen rigunan ibada na jana'iza. Cocin ba shi da su, shi kuma yana ganin matattun Morebath sun cancanci a yi musu sallama cikin mutunci kamar na birni. Ya fara ajiye ɗan abin da yake samu, jama'a suna ƙarawa da wasiyya, kowace shekara yana sanar da inda kuɗin ya kai. Shekara kusan ashirin ana tarawa. A 1547 aka sayo rigunan. Shekarar ke nan da Sarki Henry na Takwas ya mutu.

A nan dole mu ɗan bar ƙauye mu leƙa Landan, domin duk abin da ya biyo baya daga can ya taso. A 1534 majalisar dokoki ta yanke hulɗar Ingila da Paparoma, ta ce sarki ne shugaban coci. Mutanen Morebath ba su ce uffan ba. Roma tana da nisa. Aka rushe gidajen sufaye, ciki har da na Barlinch da ke maƙwabtaka da su, wanda shi ne mai ƙasar ƙauyen kuma mai naɗa limaminsa. Nan ma ba su yi gardama ba. Amma a 1538 Thomas Cromwell, babban wazirin sarki, ya aiko da umarnin da ya shiga har cikin ɗaki. Kowane coci ya sayi Littafi Mai Tsarki na Turanci, kowane limami ya buɗe rajistar baftisma da aure da jana'iza, kuma a daina kunna kyandir gaban mutum-mutumin waliyyai. Morebath ta bi umarni, ta sayi littafin. Sai dai da aka kashe kyandir, asusun 'yan mata da sauran ƙananan asusu suka rasa dalilin zamansu, suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rubuta dokar suna yaƙi ne da abin da suke ganin camfi ne. Abin da suka rusa a Morebath har da hanyar da yarinya 'yar ƙauye ke riƙe muƙami.

Da Edward na Shida ya hau gado yana ɗan shekara tara, masu riƙon mulki suka ƙara matsa lamba. Aka hana bikin giyar coci, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗi. Aka ce a fitar da mutum-mutumi duka. Aka sayar da tumaki. Wakiliyar wannan shekara mai wuya wata gwauruwa ce matalauciya, Lucy Scely, ita ce ta ɗauki baƙin jinin sayar da kayan coci don a biya kuɗin da hukuma ke nema. Rigunan ibada kuwa, har da baƙaƙen da aka yi shekara ashirin ana jira, sai aka rarraba su gidajen manoma aka ɓoye.

A ranar 9 ga Yuni 1549 doka ta tilasta a daina ibada da Latin a koma sabon littafin addu'a na Turanci. Washegari mutanen Sampford Courtenay, wani ƙauye a Devon, suka tilasta wa limaminsu ya koma tsohuwar hanya, wuta ta kama lardin da maƙwabcinsa Cornwall. 'Yan tawaye suka yi wa birnin Exeter zobe na mako biyar. Gwamnati ta turo Lord Russell da rundunar da ta haɗa da sojojin haya daga Jamus da Italiya, aka yi wa manoman kisan gilla. Yawancin masana tarihi suna ƙiyasta matattu wajen 4,000.

Ina Morebath ta tsaya a wannan rikici? Amsar tana da darasi ga duk mai aiki da tsohon rubutu. A lissafin shekarar, Trychay ya rubuta cewa ƙauyen ya ba samari biyar makamai da kuɗin guzuri, sule 6 da kwabo 8 kowanne, suka tafi wani sansani. A 1904 wani limamin Morebath na baya, J. Erskine Binney, ya kwafe littafin ya buga shi, aiki mai wahala da ya cancanci yabo, amma ya karanta sunan wurin ba daidai ba. Saboda wannan kuskure masana suka daɗe suna ɗauka cewa gwamnati ce ta ɗebi samarin don su yaƙi 'yan tawaye. Masanin tarihi Eamon Duffy na jami'ar Cambridge shi ma haka ya fara ɗauka. Da aka koma kan ainihin rubutun hannun, sai aka ga sunan tudun Waliyyi David ne, a wajen ganuwar Exeter, inda 'yan tawaye suka yi sansani. Aka kuma ga cewa wani ya bi kalmar sansani ya yi ƙoƙarin goge ta daga baya. Ashe wannan ƙauye mai biyayya, da ya yi shekara goma sha biyar yana haɗiye kowace doka, ya tura 'ya'yansa yaƙi da sarki, limaminsa kuma saboda tsabar sabo da rubuta kowane kwabo ya rubuta laifin cin amanar ƙasa a littafin lissafi. Uku daga cikin samarin biyar ba a sake ganin sunansu a littafin ba. Duffy ya ba da wannan labari a littafinsa The Voices of Morebath na 2001, kuma bai ɓoye cewa gyara kansa yake yi ba. Na fi ganin girmansa a wannan wuri fiye da ko'ina a littafin.

Bayan an murƙushe tawayen aka yi umarnin a sauke ƙararrawar coci-cocin lardunan biyu, tunda da su aka kira mutane yaƙi. A wurare da yawa harshen ƙararrawar aka cire aka bar ta bebiya. Morebath ta fita daga zamanin Edward da bashi da coci fanko.

Da Sarauniya Mary ta hau a 1553 ta mayar da ƙasar ga Roma, sai kaya suka fara fitowa daga ɗakunan manoma. Wannan ya kawo riga, wancan ya kawo mutum-mutumi, wani ya kawo labule, limamin yana rubuta sunan kowa cikin farin ciki. Aka farfaɗo da bikin giya da asusun samari. Shekara biyar kawai abin ya yi. Elizabeth ta hau a 1558, a 1559 aka sake komawa littafin addu'a na Turanci, aka sake sauke abin da aka ɗora. Wannan karon ba wanda ya ɗauki makami. Trychay ya bi, ya ci gaba da aikinsa shekara goma sha biyar a ƙarƙashin tsarin da ya tura yaransa su yaƙa.

Wasu za su kira wannan fuska biyu. Ni ban ga haka ba. Mutum ne da ya yi wa kusan kowa a ƙauyen baftisma, ya ɗaura aurensu, ya binne iyayensu. Barin su ya fi masa wuya fiye da barin Latin. Amma shafukan ƙarshe na littafin ba su da daɗin karatu. Waliyyai sun ɓace daga cikinsu, abin da ya maye gurbinsu shi ne harajin gyaran gada, da kuɗin sulke da makamai na mayaƙan sarauniya, da tara sojoji. Cocin ya fara zama ƙaramin ofishin gwamnati.

Haka kuwa ya zama a ƙasar duka. Dokar matalauta ta 1601 ta ɗora wa kowace gundumar coci ciyar da gajiyayyunta, sai taron wakilan coci ya zama shi ne hukumar ƙauye, mai kula da hanya da marayu da ɗan doka. Wajen shekara ɗari biyu da hamsin ana haka, sa'an nan gwamnati ta fara karɓe ayyukan ɗaya-ɗaya. A 1836 aka mayar da ushirar hatsi ta kuɗi. A 1837 aka buɗe rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma. A 1868 aka soke harajin dole na gyaran coci, wanda mabiya sauran ɗariƙu suka daɗe suna ƙorafi a kansa. A 1894 aka kafa majalisun ƙauye waɗanda ba ruwansu da coci. Dokar 1868 ce ta fi muhimmanci ga labarinmu, domin tun daga ranar rufin coci ya koma kan sadakar wanda ya ga dama.

A wannan zamani ne kuma aka yi wa ginin Morebath gyaran da ya ba shi kamanninsa na yanzu. Tsakanin 1874 da 1875 shahararren mai zanen gini William Butterfield ya sabunta cikinsa, irin gyaran zamanin Sarauniya Victoria da ya ceci dubban coci daga rushewa ya kuma share tsohuwar fuskarsu. Da Trychay zai dawo, hasumiyar zai fara ganewa. Jirgin ƙasa ya iso ƙauyen a wajen lokacin, aka rufe layin a 1966.

To, yaya rayuwar irin wannan coci take a yau? Yawan mutanen Morebath bai ɗara na zamanin Trychay da wani abin kirki ba, amma a zamaninsa kowa na zuwa coci, doka ma ta tilasta. A ƙidayar 2011 kashi 59 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kirista ne; a ta 2021 adadin ya sauko zuwa kashi 46, masu cewa ba su da addini kuma suka kai kashi 37. Masu zuwa ibada kowace Lahadi ƙalilan ne ƙwarai daga cikin waɗannan, a ƙauyuka da yawa ba su fi a ƙirga su da yatsu ba, yawancinsu kuma masu furfura ne. Limami ɗaya mai zama shekara 54 a ƙauye ɗaya ya zama labari. Morebath yanzu tana raba limami da Bampton da wasu ƙauyukan kewaye, kamar yadda ake yi a duk karkarar Devon, inda coci wajen 600 ke ƙarƙashin bishop na Exeter. Tun 1604 dokar coci ta ce a yi ibada kowace Lahadi a kowane cocin gunduma. A 2019 majalisar Cocin Ingila ta sassauta wannan, domin limamin da ke da coci shida ko goma ba zai iya raba kansa ba. Limamin ma yana iya zama mace, tunda an fara naɗa mata a 1994. Sarah Mullally, wadda aka sanar a 2025 cewa ita ce za ta zama Akbishop na Canterbury, mace ta farko a wannan kujera, a Devon ta fara aikin bishop, a Crediton, daga 2015 zuwa 2018.

Nauyin gini kuwa yana nan inda ƙarni na 13 ya ajiye shi. A Faransa, tun dokar 1905, tsofaffin coci-cocin gunduma mallakar ƙananan hukumomi ne, su ke gyara. A Ingila, duk da cewa sarki ne shugaban coci, ba wani kaso na dindindin daga baitulmali don gyaran cocin ƙauye. Majalisar cocin gunduma, wato 'yan sa-kai kaɗan, ita ke neman kuɗin inshora da wuta da gyara, ita ke kuma aika wa ofishin bishop kasonta na albashin limamai. Doka ta ce duk shekara biyar ƙwararren mai duba gini ya zo ya bincika ya rubuta abin da ya lalace, kuma ginin tarihi ba a yi masa faci da siminti da kwano. Sai dutse irin nasa da farar ƙasa da ma'aikaci mai tsada. Ɓarawon 1534 yana da magada, sai dai su darmar rufi suke kwarewa da dare su sayar, ruwan sama ya gama sauran ɓarnar. Jemagu sukan yi sheƙa a rufin su ɓata kujeru, dokar 1981 kuma ta hana a kore su. Ana neman tallafi daga ƙungiyoyin agaji da asusun cacar ƙasa, amma kafin a samu sai an cika takardu masu yawa, mai cikawar kuma sau da yawa tsohuwa ce ko tsoho mai ritaya a teburin kicin ɗinsa. Abin da ya maye gurbin tumaki da giyar coci shi ne bikin bazara, da sayar da kek da shayi, da baje kolin furanni, da akwatin sadaka a bakin ƙofa.

Har tsohon rabon nan na ɓangaren gabas bai mutu ba. A 2003 kotun ƙoli ta lokacin, wato ta Majalisar Dattawa, ta yanke hukunci a kan cocin Aston Cantlow da ke lardin Warwickshire cewa wasu ma'aurata da suka gaji gona dole su biya gyaran ɓangaren bagadi, saboda wani fili a gonar yana cikin ƙasar da ta ɗauki wannan nauyi tun zamanin da.

In ƙauye ya gaza, akwai hanyoyi kaɗan. Wani cocin akan rage shi ya zama na bukukuwa kawai, a buɗe shi don Kirsimeti da Ista da bikin girbi da aure da jana'iza. Wani akan sa masa kicin da bayan gida ya zama wurin taro, har akwai waɗanda aka buɗe kanti ko gidan waya a cikinsu bayan na ƙauyen ya rufe. Wani akan rufe shi a miƙa wa hukumar adana coci-coci da aka kafa a 1969, wadda ke riƙe da fiye da 350, har takan ba masu yawon buɗe ido hayar kwana a cikin wasu. Wani kuma akan sayar ya zama gida. Abin lura shi ne, duk lokacin da aka ce za a rufe coci, waɗanda suka fi ɗaga murya sau da yawa mutane ne da ba sa shiga cikinsa sai ranar jana'iza. Kakanninsu suna kwance a farfajiyarsa, sunayen samarin ƙauye da suka mutu a yaƙin 1914 da na 1939 suna rubuce a bangonsa ko a dutsen da ke gabansa. Suna son ginin ya tsaya, amma son ba ya biyan mai gyaran rufi.

Cocin Morebath yana nan ana ibada a cikinsa, kuma tun fitowar littafin Duffy yakan sami baƙi masu zuwa ganin inda Trychay ya tsaya yana karanta lissafin tumaki. Muƙamin da Lucy Scely ta riƙe shi ma yana nan. Dokar Cocin Ingila ta ce kowace shekara, kafin ƙarshen watan Mayu, a kira taro a zaɓi wakilan coci biyu, a kuma gabatar da lissafin kuɗin shekarar da ta wuce. A zaɓen wakilan, duk mazaunin gundumar da sunansa ke cikin rajistar masu zaɓe ta ƙaramar hukuma yana da ƙuri'a, ko da bai taɓa taka ƙofar coci ba. A zamanin Trychay muƙamin zagayawa yake yi gida-gida, wanda ya ƙi karɓa kuma limami ya ambaci sunansa gaban jama'a. Yanzu a ƙauyuka da yawa akan tashi daga taron da kujera ɗaya ba kowa a kai.